Kira daga Ɗakin Ya Kura

Tsamiya Uku, ƙasar Babura
Laraba, saura sati uku Babbar Salla

Zuwa ga Nuruddeen, jikan yayata marigayiya Ummi Kulsum,

Shekara goma sha tara ke nan da ranar da aka yi husufin rana da hantsi, kaji suka koma akurki, liman ya fito ba rawani. A ranar na yi maka ganin ƙarshe. Kakarka ce ta zo da kai suna, kana ɗan shekara tara. Da duhu ya sauko ka ruga ka cusa kai cikin mayafin matata Ya Kura kana ihu wai an ɗauke wuta, a garin da ba a taɓa kawo wuta ba. Na faɗi wannan ne don ka san mai yi maka magana bai manta komai ba.

Bayan haka ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka da mutanen Kazaure. Mu lafiya lau, sai gwiwata ta hagu, sai kuma asmar Ya Kura da ka sani. Da zafin nan da sauƙi. Damina ce abin tsoro. In sanyin ruwa ya shiga ɗaki, numfashinta sai ya koma kamar ana jan zarto.

Ni ban yi boko ba. 'Yata Barira ce ke rubutawa, na kuma gaya mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa masa sukari.

Maikasuwa direba ya kawo mini ƙunshi ranar kasuwa, ya ce daga hannunka. Na kwance na ga baƙar waya da 'yar takarda wai ta Ya Kura ce, saboda gaggawa. Barira ta ce kun haɗu bara a asibitin Kazaure, lokacin da aka kai uwarta a makare, leɓenta ya riga ya yi baƙi, don sai da aka hau tudu kafin a sami sabis a kira mai mota. Ta ce ka yi ta zirga-zirga da su. Allah ya saka. Ni ban gani ba, gwiwa ta hana ni zuwa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Ina da waya. Shekara takwas tana aljihuna ba ta taɓa yi mini ƙarya ba: a kan tudu tana magana, a cikin kwari inda gidanmu yake ta yi shiru. Taka me za ta yi wanda tawa ba ta yi? Maikasuwa ya jujjuya ta, ya ce wannan an farke cikinta an sake ɗinkewa, don in an kunna ba sunan kamfani ke fitowa ba. Ya ce shi dai ba zai yi zancen hatsin da ke ƙetare iyaka a kusa da ita ba.

Mutum bai taka garinmu shekara goma sha tara ba, rana tsaka ya aiko da kaya mai kunne. In gonar kakarka ta bakin rafi kake so, ka faɗa da baki, tana nan, ni nake noma ta. In kuma wani ne ya aiko ka, ka faɗi sunansa.

Barira na ta cewa a kai uwarta Babura ta yi damina a can. Ya Kura ta ce garin da aka kawo ta amarya nan za a ɗauki gawarta. Ni ma haka na ce.

Ka ba Maikasuwa amsa, ka liƙe bakin ambulan da kyau, don mutumin yana da son karatu.

Kakanka,
Dunoma

Kazaure
Litinin

Zuwa ga Kaka Dunoma,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. A gaida mini amaryata Ya Kura, a ce mata mijinta na gaskiya yana nan tafe, ta ƙara haƙuri da tsohon. Mahaifiyata na gaishe ku, hawan jini na ɗan taɓa ta amma tana shan magani.

Kaka, batun gona ya sa ni dariya har da hawaye. Ni da ban san gero da maiwa ba sai an dafa. Ku ci gaba da nomanku.

Ba wanda ya aiko ni. Ina da shagon gyaran waya a bakin tasha. Ban da shi akwai wani aiki da muke yi tare da wasu mutane, wasu a Kano, wasu a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Kowace waya akwai rubutaccen umarni a can cikinta, shi ke gaya mata yadda za ta gaisa da turken sabis, ta nemi hanya, ta kai magana. Manhaja muke ce masa. Kamfanoni suna rufe tasu, ba mai ganin abin da suka rubuta. Mu muka rubuta tamu muka bar ta a buɗe, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ba wani, ba a sayarwa. Maikasuwa ya yi gaskiya an farke cikinta, ni na farke. Amma batun kunne, da akwai shi a ciki da mutum ɗari sun gani sun yi ihu.

Ga dalilin aikowa. Akwai lambar gaggawa, ɗaya ɗaya biyu. Ba ta buƙatar kati. Kuma ko layinku ba ya kamawa, wayar za ta roƙi duk turken da ta ji, ko na wane kamfani ne, ya wuce da kiran. Ya kamata tsohuwar wayarku ta iya haka, amma Goggo Barira ta ce bara ta danna bai tafi ba, kuma ba mai iya buɗe ta ya ga dalili. Ta kuma ce wayar maƙwabcinku Ahmad, mai layin wani kamfani, takan kama sanda ɗaya ta sabis a cikin kwarin. Wannan sanda ɗayar nake so Ya Kura ta samu. Na shafa wa maɓalli ɗaya jan fenti, a danna shi a riƙe, shi ke nan.

Wata biyar na yi a kan wannan sashe na kiran gaggawa. Ku ne na farko da za ku riƙe ta a bakin iyaka, ina alfahari da haka. Roƙona ɗaya, kada a danna don wasa ko don a gani. Masu amsawa mutane ne da ke zaune suna jiran kiran wanda ransa ke hannun Allah.

Jikanku,
Nuruddeen

Tsamiya Uku
Kwana huɗu bayan Salla

Nuruddeen,

Barka da Salla, da fatan an ci nama lafiya. Gwiwa tana nan yadda take. Ya Kura ta ji saƙonka, ta ce ba ta auren mijin da bai san hanyar garinsu ba.

Na sa Barira ta maimaita mini takardarka sau uku. A na ukun na ce ta tsaya a inda ka ce mu ne na farko.

Na san wannan magana. Shekarar da aka kawo mana sabon irin gero a farin buhu, haka mai babur ɗin ya ce, ku ne na farko. Muka shuka. Ya yi tsawo ya wuce mutum, bai fid da kai ba har ruwa ya ɗauke. Gida goma sha huɗu suka ci dusa a ranin nan, zan iya kawo maka sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa mai babur ya rubuta a littafinsa cewa irin bai dace da ƙasarmu ba, ya tayar da babur ya tafi. Ya koyi abin da ya zo koya.

Ka ce kowa na iya karantawa. Ni zan iya? Barira ta duba ta sake dubawa, ta ce ba ta ga komai ba sai agogo. To mutum ɗarin nan naka da ban san iyayensu ba, su zan ba amanar ƙirjin matata?

Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka zagaya ni. Akwai wanda ya taɓa danna jan maɓallin nan, wani ɗan Adam ya ɗauka ya ce ina jin ka? E ko a'a. Ka ce ka yi wata biyar kana aiki, ban ji inda ka ce ya yi ba. Ka kuma hana mu dannawa. Na taɓa sayen jaki a Kanya Babba a hannun wani da ya ce kada in hau sai na kai gida. Gurgu ne.

Wayarka tana cikin rumbu. Na naɗe ta a tsumma na cusa ƙarƙashin damin gero, can ta ji hirar ɓeraye. Barira ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni da fara'a ba.

Dunoma

Daga Goggonka Barira: ka yi haƙuri da shi, ka san halinsa. Amma ka amsa masa, ni ma ina so in sani.

Tsamiya Uku
Ranar da muka gama shuka

Nuruddeen,

Ina gaisuwa. An yi ruwa uku masu kyau, mun shuka. Ya Kura ta fara tari da asuba, abin shaƙarta yana ƙarƙashin matashi.

Kasuwa uku ke nan Maikasuwa na zuwa hannu sake. Na tambaye shi ko ya ba ka takardata, ya rantse a hannunka ya sa. Ya ce daga baya ya sake leƙawa ya tarar da shagonka a kulle, maƙwabta suka ce ka tafi Roni.

Takardarka ta farko kwana biyar ta yi ta iso, lokacin da kake yabon kayanka. Yanzu da aka ce ka faɗi e ko a'a, hanyar Kazaure ta yi tsawo.

Ban ce ka gudu ba. Barira, rubuta ban ce ya gudu ba. Na ce dai na lura.

Dunoma

Kazaure
Asabar

Kaka,

Ina gaisuwa, ina yi wa Ya Kura sannu. Takardunku biyu duk sun same ni. Ba laifin Maikasuwa ba ne, kada ku zarge shi. Amsa uku na rubuta na yayyaga.

Amsar ita ce a'a.

Ga yadda muke gwadawa. Abokin aikina Sharfuddeen da ke Roni yana da ɗan ƙaramin turke na gwaji, girmansa bai wuce rediyo ba. Mukan sa shi da wayar a cikin akwatin ƙarfe mu rufe, don kada kiran ya fita duniya. A cikin akwatin nan ta yi kiran gaggawa fiye da sau ɗari biyu, da layi da babu layi, ba ta taɓa kasawa ba. Gwajin nan ne ya kai ni Roni, na sake yi daga farko saboda tambayarku. Amma turken namu ne, mai amsawar ma mu ne. A kan turken gaskiya, da mutumin gaskiya a ɗaya gefen, ba a taɓa ba. Ba mu yarda mu kira masu aikin ceto a kan ƙarya ba, wataƙila a daidai lokacin wani na neman su da gaske.

Akwai abin da ya fi wannan. Ranar da zan aiko da wayar, Sharfuddeen ya ce in rubuta muku ƙarara cewa ba a gwada sashen nan a waje ba. Ban rubuta ba. Na ce a raina in kuka ji haka za ku jefa ta rijiya, alhali na tabbata za ta yi. Na ga leɓen Ya Kura bara, na so ta sami wani abu a hannu kafin ruwa. Duk da haka ɓoyewa na yi, kuma ba ni da hujja.

In kun ga dama ku ba Maikasuwa ita ya dawo mini da ita. Ina kuma roƙo ku sake duba maganar Goggo Barira ta kai Ya Kura Babura.

Ku yafe mini.

Nuruddeen

Tsamiya Uku
Bayan noman fari

Nuruddeen,

Mun ga takardarka. Muna lafiya, sai Ya Kura da ta kwana biyu tana barci a zaune.

Ashe a'a ɗin ba ta da nauyin da za ta yi wata ɗaya a hanya. Batun yafiya na ajiye shi tukuna, ban ƙi ba, ban kuma ba ka ba.

Amma ku mutum ɗari, da na Kano da na ƙasashen waje, a ce babu wanda ya san yadda ake gwada kiran gaggawa? Saurara ka ji.

A jikin tsamiyar tsakiyar garinmu akwai tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota a rataye. In gobara ta tashi, ko rijiya ta rufta da mutum, ko haihuwa ta gardama, shi ake bugawa. Rugar Adda su ji su buga nasu, Unguwar Dela su ji su taho da amalanke. Shekara arba'in da ɗaya gudumarsa tana hannuna, daga hannun mahaifina na karɓa. Na buga shi da gaske sau ashirin da bakwai. Wanda ya buga shi a kan wasa, garin nan ba ya zuwa sunan ɗansa. Saboda haka hanin da ka yi mana na gane shi, ba sai ka koya mini ba.

To kana tsammani haka muke barinsa rataye muna fatan yana da murya? Kowace shekara kafin ruwa, liman yakan faɗa a masallacin Juma'a cewa ranar Asabar da hantsi Dunoma zai buga ƙarfe, kowa ya zauna inda yake. In na buga, kowace unguwa ta aiko mutum ya ce mun ji, ko ba mu ji ba. Wata shekara Rugar Adda ba su ji ba, muka duba, ashe ƙarfen ya tsage ta baya. Da ba mu gwada ba, da sai ranar gobara za mu sani.

Ka tashi ka je wurin masu amsawar nan. Ka yi musu sallama, ka ce wani tsoho zai kira rana kaza, lokaci kaza, kada su tayar da mota. Ka zauna kusa da su ka ji da kunnenka. In ka samo rana, ka aiko mini, zan fito da wayar daga rumbu. In ba ka samo ba, tana nan har ɓeraye su koyi danna ta.

Batun Babura kuwa, an gaya maka an gama shi.

Dunoma

Kazaure
Alhamis

Kaka,

Ina gaisuwa. Na karanta wa Sharfuddeen takardarku, ya ce ko tsohon nan yana ɗaukar almajirai.

Sau huɗu na je ofishin masu amsa kiran. A na huɗu wani babba a cikinsu ya saurare ni har ƙarshe, ya yarda. Talata mai zuwa, ƙarfe goma na safe. Zan kasance a zaune a can. Na tambaye shi in da gaske ne me za su yi, ya ce za su nemi asibiti mafi kusa da ku, mota ta zo har inda hanya ta bari, ku kuma ku taho da mara lafiya zuwa wurin.

A fito da wayar tun Lahadi a ba Ahmad ya cika mata wuta a na'urarsa ta hasken rana. Ranar Talata ku hau tudu da ita, inda sabis ya fi ƙarfi, don kada mu ɓata wa mutanen lokaci. Minti biyu kawai suka ba mu.

Jikanku,
Nuruddeen

Kazaure
Talata da la'asar

Kaka,

Na zauna daga tara da rabi har sha biyu. Kira da yawa sun shigo, babu naku. Mutumin ya dafa kafaɗata ya ce in je in sake dubawa.

Ko dai ba ku danna ba, ko ta kasa. Ina jin ta kasa. Gaskiyarku ce tun farko. Kada a dogara da ita ko na minti ɗaya, a ba Maikasuwa ya kawo mini. Ban san ta ina zan fara ba.

Nuruddeen

Tsamiya Uku
Asabar da yamma

Nuruddeen,

Ina gaishe ka. Gajeriyar takardarka ta iso yau. Ka share fuska, ba abin da kake zato ba ne ya faru, ko da yake ban ce wanda ya farun ya fi daɗi ba. Kwana biyu ana ruwa a nan, rafi ya hau hanyar Babura har gwiwa. Ya Kura ta shaƙi abinta sau huɗu jiya.

Na danna. Wato ita ta danna, don ranar da abin zai taso mata wataƙila ina gona. Kuma ban hau tudu ba. Barira ta karanta mini wurin da ka ce a hau tudun sau biyu tana nuna mini da yatsa kamar zan gane, na ce mata uwarki a kan tudu take numfashi? A ɗakinta muka yi, tana zaune a kan gadonta. Liman ya faɗa a masallaci tun Lahadi, saboda haka tsakar gida cike take da mutane, har da 'yan Unguwar Dela da ba a gayyace su ba. Ahmad ya tsaya a bakin ƙofa da agogo. Da ya ce goma ta yi, Ya Kura ta sa babban yatsa ta riƙe.

Wayar ta yi ƙara sau huɗu. Sai ga muryar mace tana Faransanci. Ya Kura ta wurgo mini wayar a cinya kamar ta taɓa garwashi. Na ɗauka na yi sallama, matar ta juya Hausa, irin ta mutanen Magarya.

Ta ce, “Baba, me ya faru? Wa ke ciwo? Kuna ina?”

Na ce, “Lafiya lau, 'yata. Dunoma ne na Tsamiya Uku. Gwajin nan ne da aka gaya muku. Jikana yana nan kusa da ke?”

Ta ce, “Wane jika? Wa ya gaya wa wa?”

Na ce, “Nuruddeen mana, na Kazaure, dogo haka.” Ban ma san ko kai dogo ne ba.

Ta ce, “Baba, nan fa Nijar ne. Ba wanda ya gaya mana komai. Akwai mutum biyu suna jira a layi na bar su na ɗauki naku.”

Nuruddeen, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa tayar da mutum a kan ƙarya ba. Ranar Talata na yi, a gaban garinmu duka, ga liman a zaune. Na ba ta haƙuri sau uku. Kafin ta ajiye na ce ta bar ni da tambaya ɗaya, in da gaske ne, tsohuwa ce numfashinta ya sarƙe, za su zo? Ta ce motarsu ba ta ƙetare iyaka, iyakar abin da za ta iya shi ne ta gaya mana yadda za mu zaunar da ita. Ta ce Allah ya ba ta lafiya, ta kashe. 'Yar mutane ce, ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na ji sauƙi.

Yanzu ga abin da nake juyawa. Me ya sa ka ce in hau tudu? Da na hau, da ka ji muryata, da mutumin ya ba ka hannu, da ka rubuta wa mutanenka ɗari cewa ta yi. Da ni ma na rataya ta a kan gadon Ya Kura na kwantar da hankali, har ranar da za ta danna da gaske a amsa mata daga wata ƙasa. Barira ta ce ba ka sani ba, tsoron kunya ne kawai ya sa ka nemi inda ba za ta kasa ba. Wataƙila. Ni ban yanke ba tukuna. Ka rubuto ka gaya mini, kuma kada ta yi wata ɗaya.

Ga abin da muka gani, ka kai wa Sharfuddeen. Lokacin da wayar take ƙara, Barira ta ce wani baƙon suna ne ya fito a fuskarta, da sanda huɗu cif. A daidai lokacin Ahmad ya ɗora tasa a kan gadon, tana nuna sanda ɗaya ta kamfanin nan gida. Ke nan duka biyun ta ji, ta bi wanda ya fi ɗaga murya. Ku koya mata ta fara neman na gida ko da a hankali yake magana, in ta rasa sannan ta ƙetara. Ga ta nan na ba Maikasuwa. Ka gyara ka dawo da ita, don gida arba'in da biyu ne a cikin kwarin nan, ba namu kaɗai ba. In za a sake gwadawa, gefe biyu za a gaya wa. Ahmad yana cin kasuwar Magarya, ya ce zai nemo inda matar take aiki, ya kai mata gaisuwata da goro.

Amma Ya Kura ba za ta iya jiran ku ba. Jiya da azahar na zauna a bakin gadonta na ce, to, ko Baburar za a yi? Ta ce in sake faɗa in ga. Na ce akwai ɗakin ƙanena marigayi Zubair a kan tudu, shekara shida ba kowa a ciki, bangonsa lafiya, kwano uku ne iska ta ɗauke. Ta ce gidan da ba inuwa, ba maƙwabciya, ga hawa? Na ce daga can tsohuwar wayata tana samun Maikasuwa da mai motar asibiti, kuma hanyar bayan tudu rafi ba ya cin ta. Ta daɗe tana kallon rufin ɗakin nan da ta shiga shekara hamsin da biyu da suka wuce. Sai ta ce tudu dai ai Tsamiya Uku ne. Ta ce amma sai an kai mata randarta da turminta, kuma da kaka ta dawo, ko a kan jaki.

Barira tana rubutu tana kuka, na ce ta bari kada tawada ta jiƙe.

Gobe da safe in Allah ya kai mu, da na idar da salla zan kira Ahmad da guduma da ƙusa mu hau tudu. Shi ya hau rufi ya buga kwano. Ni in shiga ɗakin da tsohuwar wayata, in bi kusurwa kusurwa har in sami inda sanda ta fi yawa, in ja layi da ƙafata a ƙasa. Nan za a kafa gadonta.

Kakanka,
Dunoma